Ƙarfe biyar na sa wa mahaifiyarta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina roƙo a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a ƙasa ma duk na sauya su. Wanda zai yanke mini hukunci ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara ce na rasa.

Wata Lahadi ce bayan la'asar, ana saura mako biyu biki, a falona da ke Arras cikin Treichville. Mu uku ne a wurin: ni, da amarya Balkisa, 'yar yayana marigayi, da Tanti Zali, ƙanwar mahaifiyar ango, wadda dangin miji suka wakilto. An zauna ne don a tsara yadda ranar auren za ta tafi, kuma ni aka miƙa wa alƙalami ba tare da gardama ba, don kowa ya san aikina. Na daɗe ina gabatar da shirin Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Abidjan, kuma a dangi ana yi mini tsiya cewa ko gaisuwar mutuwa na je sai na duba agogo. Akwai abin da ake koya wa mai shiga rediyo tun makonsa na farko. Duk shirin da za ka gabatar, ka ajiye wani abu can kusa da ƙarshe wanda in lokaci ya ci ka za ka yar da shi ba wanda zai sani, kamar gaisuwar masu saurare ko wata 'yar waƙa. Kana rubuta shi a takarda kamar sauran, har da mintinsa, amma kai ka san ba lallai ya fita ba. Ku riƙe wannan, don a kansa laifina yake.

Balkisa tana ƙarama ƙwarai yayana ya rasu, na ɗauko ta. 'Ya'yana biyu maza ne, ita ce macen gidan. Ni na kai ta makaranta, ni na kwana da ita asibiti lokacin da ta yi zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita, ni na koya mata ɗaurin kallabi. Mahaifiyarta, Yaya Habsu, ta ci gaba da zama a Adjamé, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya bayan Roxy, tana sayar da turaren wuta da kayan yaji a tebur. Ba mu taɓa faɗa da ita ba, ko sau ɗaya. Mutuniyar wajen Tawa ce ta ƙasar Nijar, irin na da, kuma Balkisa ce 'yar farinta. Yaran da aka haifa a nan da yawa ba su san nauyin wannan ba. Ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "'yar taku" ko "yarinyar nan". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ta ci ko ba ta ci ba sai ta bakin wani. Irin wannan uwa ba ta zuwa wurin bikin 'yarta, ba a ganinta a hoto. Tana zama a ɗakinta, a kawo mata amarya a lulluɓe bayan an ɗaura aure, ta yi mata nasiha, ta sa mata albarka, sannan a wuce da ita gidan miji. Rabonta ke nan a bikin gaba ɗaya. Kuma ko wannan ɗin ba za ta buɗe baki ta nema ba.

Komai na bikin a Treichville yake. Auren gwamnati a meriya, wato ofishin magajin gari, da hantsi, ɗaurin aure a masallacin unguwarmu bayan azahar, walima a wani zaure da aka kama, gidan ango kuma bayan Gare de Bassam. Abu ɗaya ne a ƙetaren ruwa, sai an hau gada, shi ne ɗakin Yaya Habsu. Ranar kuwa Alhamis ce, kamar yadda aka saba aure a nan.

Tanti Zali mace ce mai baki, amma ba ta da mugunta. Tana zama ta ce, "Madam rediyo, ni dai abu ɗaya na zo da shi. Kar a kawo mana amarya mutane sun yi barci kamar kayan sata. Bikin da muka je wancan watan, tsofaffi har sun fara gyangyaɗi a kan kujera, ango ya fita neman shayi. Mu da magariba muke son tamu, c'est tout."

Na ce, "Da magariba za ku same ta, Tanti."

Balkisa tana ta murza zoben hannunta, sai can ta ɗago. Hausarta a gauraye take da Faransanci kamar ta sa'o'inta, amma wannan maganar da Hausa zalla ta yi ta. Ta ce, "Gwaggo, duk abin da kika sa na yarda. Ko hoto kika cire ban damu ba. A dai kai ni wurin Inna kafin a kai ni."

Tanti Zali ta ce, "Wannan ai dole ne, 'yata. Wa zai hana?"

Na sunkuya na rubuta. Akwai sarari mai kyau a ranar, kuma na gan shi da idona: ana shafa fatiha bayan azahar, a sa amarya a mota, lokacin gada a buɗe take, ma'aikatan Plateau, unguwar ofisoshi da ke kan hanyar, suna cikin ofis. A je Adjamé, a yi abin da za a yi a natse, a dawo kafin la'asar ta yi nisa. Na ga wannan sararin na cika shi da hotuna da walima. Zuwa wurin Yaya Habsu na sa shi ƙarfe biyar. Duk wanda ya taɓa zama Abidjan ya san abin da ƙarfe biyar take a kan gadojin nan ranar aiki. Ofisoshi sun tashi, motocin haya, gbaka da woro-woro, sun cika hanya, Roxy kanta mutum a ƙafa ma da ƙyar yake ratsawa. Ni da na yi shekaru ina ƙetare wannan ruwa don in kama shirin yamma, na san ba motar da za ta je ta dawo kafin isha'i. Balkisa ta leƙa takardar, ta ga sunan Inna a rubuce da lokacinsa, ta yi murmushi ta ce, "Merci, Gwaggo." Tanti Zali ba ta duba ba ma, ta ce tunda madam rediyo ce ta rubuta ai an gama.

Me ya sa na yi? Da farko na gaya wa kaina tsari ne. Na ce ranar ta yi cunkoso, dole wani abu ya zama na yarwa, kuma a cikin dukan mutanen bikin wa ne ba zai yi ƙorafi ba? Mai hoto zai yi, masu girki za su yi, dangin ango za su yi. Mutum ɗaya ce na tabbata ko an bar ta har gari ya waye ba za ta ɗaga waya ta ce ina kuke ba. Na auna kunyarta na ga za ta ɗauki abin, na ɗora mata. Wannan ma ya isa abin kunya, amma ba shi ne duka ba. Tun kafin ranar na tsinci kaina a kicin ina haɗa kalmomin nasihar da za a yi wa amarya, ina gyara su, ina maimaitawa a hankali kamar yadda nake yi kafin a kunna mini makirfo. Wace nasiha nake shiryawa, alhali a takardata an rubuta uwarta ce za ta yi? Na so a ce muryar ƙarshe da yarinyar nan za ta ji kafin ta shiga gidan miji tawa ce. Na ce a raina ni na yi wahalarta, me zai sa a ƙarshe a ɗauke ta a kai wa wadda ko sunanta ba ta faɗa? Ban taɓa furta wannan ga kowa ba sai yau.

Ranar biki komai ya tafi daidai, har mutane suna mamaki. An fito meriya a kan lokaci, an ɗaura aure liman bai jira kowa ba, abinci ya fito da zafinsa. Wajen biyar saura, an yi wa Balkisa wanka an lulluɓe ta, motoci uku suna ƙofar zaure. A nan na yi abu na biyu, wanda ya fi na farko muni. Ban ce a fasa da bakina ba. Na je kusa da Tanti Zali, na yi ƙasa da murya na ce, "Tanti, wani baƙo ya kira yanzu, ya ce tun ɗazu yana kan gada ko motsi ba a yi. Ban san yadda za mu yi da magaribarku ba." Gaskiya ne wani ya kira, amma ban buƙaci kiransa ba. Na faɗa na ja baya, don na san halinta. Ta duba agogonta, ta kira shofer ɗin motar amarya ta tambaye shi, shi kuma ya ce in aka shiga Adjamé yanzu sai dai Allah. Sai ta tafa hannu a tsakiyar mata, da muryar nan tata da ake ji har titi, ta ce, "Jama'a, ba mai ƙetare gadar nan da amaryarmu yanzu! On est en retard, mun makara. Tsofaffi na jira a gida. Uwa ai ba guduwa za ta yi ba, a kai mata ita daga baya."

Kowa ya ji, kowa ya ga wadda ta faɗa. Amarya ba ta magana a irin wannan lokaci, wannan ma na sani. Balkisa ta laluɓo hannuna ta ƙarƙashin mayafi ta matse, ta ce a hankali, "Gwaggo, Inna fa?"

Na ce, "Kin ji dai da kunnenki. Dangin miji sun ce a'a, mu za mu ja da su a ranar farko?"

Ta yi kuka, mata suka ce kukan amarya ne, aka rangaɗa guɗa. Aka ce to gwaggo ta yi mata faɗa a madadin uwa. Na zauna na yi nasihata, ba inda na yi tuntuɓe, har wata tsohuwa ta share hawaye ta ce Allah ya ba kowace yarinya gwaggo irina. Ana kiran magariba muna shiga gidan ango. Ban kira Yaya Habsu na gaya mata an fasa ba. Na ce wani zai kira, kowa ma haka ya ce.

Bayan kwana biyu na ɗauki rabonta na goro da alkaki na hau mota zuwa Adjamé. Kafin in kai ƙofarta wata maƙwabciyarta, Bajula ce mai sayar da kifi, ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Yako, sannu Madam, amma ba ku kyauta ba." Ta ce ranar bikin tun safe Yaya Habsu ba ta fita tebur ba. Ta wanke tsakar gidan nan gaba ɗaya, har gaban ɗakunan da ba nata ba, ta roƙi masu shanya su kwashe kayansu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Matan gidan duka suka yi kwalliya suka zauna don su tarbi amarya. Garwashin turare ya mutu ta sake hurawa, ya mutu ta sake. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai mata su miƙe. Da aka yi isha'i ta naɗe tabarmarta ta ce musu, "Ƙila hanya ce," ta shiga ɗaki.

Na yi sallama na shiga. Ta tarbe ni da fara'a, ta ba ni ruwa, ta ce, "Sannunku da ƙoƙari. An kai 'yar taku lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na fara cewa, "Yaya, ranar nan gadar ce..."

Ta ɗaga hannu. "Bari, ba komai. Ni ban ga laifinta ba. Yarinyar da ta tashi a gidan bene, ta auri 'yan boko, ina za ta kwaso baƙi da manyan motoci ta kawo su cikin wannan kwatar? Ko ni ce sai na yi tunani." Ta yi 'yar dariya, tana gyara ƙullin turare a faranti. "Don Allah kar ki ce mata komai. Kar ta shiga gidan mutane da damuwa."

Kun ji inda tata fahimtar ta tsaya. Ta ɗauka 'yarta ce ta ji kunyar gidanta. Ina zaune a kan tabarmarta, ruwanta a hannuna, kalma ɗaya za ta wanke yarinyar, ban faɗa ba. Na ce, "Haba Yaya, ba haka ba ne," irin faɗar da ke tabbatar wa mutum cewa haka ne. Har bakin titi ta rako ni, ta cusa mini turare a jaka ta ce na gode miki da riƙon amana.

Za ku ce ba waya ne? Akwai. Balkisa tana kiranta, amma wayarsu ba ta wuce gaisuwa. Da ta ce, "Inna, ranar nan," sai uwar ta ce, "Ya wuce, ki gaida mutanen gidan," ta kashe. Uwar tana yi ne don ta sauƙaƙa mata, ita kuma 'yar ta ɗauka fushi ne. Ni kaɗai nake jin ɓangarorin biyu, don kowacce ni take gaya wa.

A gidan miji kuwa abin ya zama wuta. Balkisa ta daina gaida Tanti Zali. In ta shigo sai ta tashi ta shige ɗaki. A gidan da Tanti Zali ce ta yi wa ango komai tun yana yaro, kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da kwanakin zaman ɗaki suka cika, mijin, Karimu, ya ce ta shirya ya kai ta Adjamé da kansa. Ta ce ba za ta je a haka ba. Ta ce wadda ta tsaya a gaban mutane ta hana, ita za ta shiga mota ta raka ta har ɗakin Inna ta ba da haƙuri, in ba haka ba da wace fuska za ta shiga? Tanti Zali ta ce ita ba ta yi wa kowa laifi ba, abin da kowa ya gani ta faɗa, kuma ba za ta durƙusa wa yarinyar da aka kawo jiya ba. Mahaifiyar Karimu ta goyi bayan ƙanwarta. Magana ta kai ga ana cewa an ba su yarinya marar tarbiyya, wasu har suna cewa ai jinin Roxy ne.

Karimu yaro ne mai hankali. Makon jiya ya same ni a gida bayan ya tashi aiki, ya zauna a ƙasa duk da na nuna masa kujera. Ya ce, "Gwaggo, wallahi ni ina cikin maza, ban san an fasa ba sai da aka kawo ta. Da an tambaye ni, ko goma ta yi a kai ta. Yanzu tana kallona kamar ni na hana. Ke kika tsara ranar nan, ke take jin maganarki. Ki gaya mata ba wanda ya yi da gangan."

Na dube shi na ce, "Zan yi mata magana." Wannan jumlar da ya roƙa, cewa ba wanda ya yi da gangan, ita ce kaɗai ba zan iya faɗa ba. Ita kanta Tanti Zali ta kira ni tana huci, ta ce, "Madam rediyo, ke shaida ce, ba ke kika zo kika ce mini gada ta cika ba?" Na ce e, na faɗa. Ta ce, "To!" Ko a lokacin ba ta zarge ni ba. A wurinta na kawo labari ne kawai, kamar yadda na saba. Ba wanda ya koma ya tambayi wanda ya zaɓi ƙarfe biyar, don ba wanda ya yi tsammanin mai lissafi irina za ta yi kuskure, balle ta yi da niyya. Wata ƙawar Tanti Zali ma ta aiko a tambaye ni ko zan tsara musu nasu bikin.

Na san abin da ya kamata, ba jahilci ke damuna ba. Amma ku duba mini. In na faɗa wa Balkisa gaskiya, na wanke mijinta da danginsa, na wanke ta a wurin uwarta, amma za ta san cewa matar da ta rene ta ta zauna da alƙalami ta auna yadda za ta raba ta da albarkar uwarta, sannan ta riƙe hannunta ta yi mata ƙarya. Za ta sake shiga gidana? In na je wa Yaya Habsu, da wane baki zan ce mata na yi amfani da kunyarki ne don na san ba za ki yi magana ba? In na ce kuskuren lissafi ne kawai, na ɗauki rabin laifin, ƙila a yafe mini a shirya, amma ƙarya ce ta uku, kuma Balkisa ta san ba na kuskuren lokaci. In kuma na yi shiru, auren da bai cika wata biyu ba yana lalacewa a gabana, ana zagin baiwar Allah da ba ta yi komai ba sai faɗin abin da na sa mata a baki. Wa zan fara tunkara, uwar ko 'yar ko Tanti Zali? In tara su wuri ɗaya ne, ko in bi su ɗaya bayan ɗaya? Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?

Jiya da hantsi Balkisa ta zo da akwatinta a woro-woro. Ba ta tafi Adjamé ba, nan ta zo. Tana tsohon ɗakinta yanzu haka, ta ce ba za ta koma ba, kuma a duk mutanen bikin nan ni kaɗai ce ban ci amanarta ba.